Me ya sa ma'aikatana suke yin shiru a taro?

"Malam, barka da aiki. Wata biyar ke nan da aka ba ni shugabancin sashenmu, mutum 11 ne a ƙarƙashina. Kowace Litinin da safe muna taro, kuma da wuya mu tashi ba mu cinye awa biyu ba. Ni ce mai yawan magana, sai wasu mutum biyu da suka daɗe a wurin. Sauran ko dai su zuba wa tebur ido ko su yi ta latsa waya. In na ce akwai mai tambaya, sai ka ji tsit. Abin da ya fi damuna shi ne, maganar da muka yi a wannan makon ita za mu sake yi mako mai zuwa, kamar ba a taɓa tayar da ita ba. Na hana shiga da waya, amma ban ga canji ba. Don Allah yaya zan yi taron nan ya rayu?"

Malama, sannu da ƙoƙari. Idan na fahimce ki, koke uku kika kawo: taron yana tsawo, mutane ba sa buɗe baki, kuma abin da aka tattauna ba ya zama aiki. Na daɗe ina jagorantar ma'aikata da horar da shugabannin sassa, kuma kusan duk inda na tarar da waɗannan ukun tare, tushensu ɗaya ne. Mutanenki sun gano cewa ko sun yi magana ko ba su yi ba, babu abin da zai sauya. Wanda ya gano haka kuwa zai zo ne ya zauna don kada a ce bai zo ba. Shi ya sa hana waya bai yi amfani ba. Kin ɗauke musu abin da suke fakewa da shi, amma dalilin fakewar yana nan.

Bari mu fara da lissafi, don shi ne yake sa shugaba ya ɗauki lamarin da nauyinsa. Ku 12 ne har da ke. Awa biyu sau 12 awa 24 ke nan, wato aikin mutum ɗaya na kwana uku cur a kowane mako. In kun yi haka na mako 48, kun zuba awa 1,152 a ɗakin taro. Da wani zai zo ya ce ki ara masa ma'aikaci ɗaya na kwana uku duk mako, ai sai kin tambaye shi me zai yi da shi. Taron ma ya cancanci wannan tambayar. A farkon 2023 kamfanin Shopify na Kanada ya soke duk tarurrukan da ake maimaitawa na mutum fiye da biyu, ya ce a dakata tukuna kafin a maido da wanda aka ga ba makawa. Ba ina cewa ki soke naki ba, sashe yana buƙatar ganin juna. Ina so ne ki tilasta wa taron ya faɗi abin da yake biyan ku da shi.

Me aka zo yankewa?

Ki ɗauki ajandar Litinin da ta wuce, ki bi ta layi-layi. Ina kyautata zaton za ki ga yawancinta sanarwa ce da rahoto. Sanarwa ba ta buƙatar a tara mutum 12, saƙo ɗaya ya wadatar. Rahoton "kowa ya faɗi inda ya kwana" kuwa shi ne babban mai kashe taro. Ki lura da yadda yake gudana: mutum yana magana yana kallonki ke kaɗai, sauran goma suna jiran layi ya zo kansu, wanda ya riga ya yi nasa kuma hankalinsa ya bar ɗakin. A zahiri ganawa ce ta ke da mutum ɗaya, sau 11, a gaban 'yan kallo. Ki ce kowa ya turo nasa a rubuce, layi huɗu ko biyar, kafin tashi daga aiki a ƙarshen mako. Wanda ya ci karo da cikas shi ne zai kawo cikas ɗin taro, don a nan ne ake buƙatar kawunan sauran.

Abin da ya rage sai ki rubuta shi a matsayin tambaya. In kin rubuta "Batun kasafi", ba wanda ya san me ake so daga gare shi, don haka kowa zai zo hannu rabbana. In kin rubuta "Kuɗin da ya rage ba zai ɗauki ayyuka biyun nan ba, wanne za mu jinkirta?", mutum zai kwana yana juya abin a ransa. Ki tura tun kwana ɗaya kafin taro, ba a fafe gora ranar tafiya. Tambaya biyu ko uku sun isa zama ɗaya.

Za ki ce ba za su karanta ba. Gaskiya ne, da yawa ba za su karanta ba. Kamfanin Amazon ya magance wannan ta wata hanya da nake so: tun 2004 shugabansa na lokacin, Jeff Bezos, ya hana manyan jami'ansa gabatar da bayani ta PowerPoint, wato manhajar haska bayani a allo, ya ce a rubuto shi a takarda da cikakkun jimloli, har shafi shida, a zauna a farkon taro kowa ya karanta shiru kafin a ce uffan. Ke ba ki buƙatar shafi shida. Ni shafi ɗaya nake rabawa, in ba da minti biyar. Amfaninsa shi ne ƙaramin ma'aikaci da babba suna fara tattaunawar da sani iri ɗaya.

Akwai kuma abin da shugabanni da yawa suke tsallakewa, ni kuwa na ɗauke shi ginshiƙi. A kan kowace tambaya, ki faɗa tun farko wa zai yanke hukunci. "Wannan ni zan yanke, amma ban yanke ba tukuna, ina son in ji ku." Ko "wannan naku ne, abin da kuka tsayar shi za a yi." Ko kuma "wannan daga sama ya zo, ba mu da ikon canza shi, yadda za mu aiwatar kawai za mu duba." Duk ukun halal ne, ma'aikata suna karɓarsu. Wanda ba sa yafewa shi ne a nemi shawararsu a kan abin da aka riga aka gama. Sau biyu kacal za ki yi musu haka su daina wahalar da bakinsu.

Shirun nan

A nan zan daɗe, don shi ne zuciyar tambayarki. Zan fara da abin da ya faru da ni. A wani wuri da na yi aiki, mun shirya mayar da rajistar masu hulɗa da mu daga takarda zuwa kwamfuta. Na buɗe taron da bayanin tsarin, na faɗi ranar da nake so a fara, sannan na ce ko akwai mai magana. Kowa ya gyaɗa kai. Akwai wani matashi mai shigar da bayanai, yana zaune kusa da ƙofa. Na gan shi ya buɗe littafinsa, ya rubuta layi ɗaya, ya rufe, ya ɗora biro a kai. Ban tambaye shi ba. Bayan mako uku aikin ya tsaya cik, domin tsofaffin fayiloli da yawa lambarsu ɗaya, sabon tsarin kuma ba ya karɓar lamba sau biyu. Da na je teburinsa, sai ya buɗe littafin nan ya nuna mini layin, da kwanan watan taron a samansa: "Lambobin fayil sun maimaitu, sai an tace." Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce, "Yallaɓai, ai na ga ka riga ka yanke." Wannan amsar ta zauna mini a rai har yau, kuma ita ta canza yadda nake jan taro.

Ba tsoro ne irin na wannan matashin kaɗai ba, halin ɗan Adam ne. A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa zaunar da mutum cikin wasu da aka haɗa baki da su, a nuna musu layuka a tambaye su wanne ya yi daidai da wani a tsawo. Amsar a fili take, amma sauran sai su faɗi ta kuskure da gangan. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi kuskuren jama'a aƙalla sau ɗaya. Ga kuma ɓangaren da ya fi amfani gare ki: da aka sa mutum ɗaya tak cikin sauran ya faɗi gaskiya, bin kuskuren ya ragu ƙwarai. To waɗannan baƙin juna ne, ba mai riƙe da ƙarin girman wani. Ki ƙiyasta yadda abin zai kasance idan wanda ya fara magana shi ne mai sa hannu a takardar hutun sauran.

Wani binciken na Garold Stasser da William Titus a 1985 ya nuna cewa idan aka tara mutane su yanke shawara, sukan ɓata lokacinsu a kan abin da duka suka riga suka sani, bayanin da mutum ɗaya kaɗai yake riƙe da shi kuma sau da yawa ba ya fitowa. Alhali don wannan bayanin aka tara su. Lambobin fayil ɗin nan irinsa ne.

Saboda haka abu na farko: ki zama ta ƙarshe wajen faɗin ra'ayi. Ki ajiye tambayar, ki yi bayanin da ya wajaba, ki kame bakinki. Yana da wuya, musamman ga sabon shugaba da yake jin dole ya nuna ya san aikin. Amma da zarar kin nuna inda kika karkata, abin da za ki ji bayan nan amon muryarki ne yake dawo miki.

Na biyu, kafin a fara magana ki ba kowa minti uku ya rubuta amsarsa a takarda. Wannan ƙaramar dabara ta fi duk wata da na gwada tasiri. Mai saurin baki da mai nazari a hankali duk sun sami lokaci ɗaya, kuma wanda ya riga ya rubuta ra'ayinsa ba ya saurin watsar da shi don ya ji na babba ya bambanta. Daga nan ki zaga, ki fara da waɗanda suka fi kusa da aikin ko waɗanda suka fi ƙanƙanta a muƙami, manya su biyo baya. Kada ki yi wa mai kunya dirar mikiya. Ki gaya masa tun kafin taro: "Gobe zan nemi jin ta bakinka a kan batun kaza, don kai ne kake taɓa shi kullum."

Sai yanayin tambayar kanta. "Akwai mai tambaya?" da "Kowa ya yarda ko?" ƙofa ce a rufe, amsarsu shiru ce. Ki gwada "Me zai iya hana wannan tsarin aiki?" ko "Me na manta ban duba ba?" Akwai wata hanya da masani Gary Klein ya yaɗa wadda nake amfani da ita kafin kowane babban aiki: ki ce su ɗauka wata shida sun wuce, aikin ya rushe, kowa ya rubuta abin da yake ganin ya rusa shi. Da yake ke kika nemi a kawo aibin, mai kawo shi bai zama ɗan adawa ba. In kuma kin yi tambaya aka yi tsit, kada ki yi gaggawar cike gurbin. Ki ƙirga goma a zuci. Shirun zai yi miki nauyi, amma su ma yana yi musu, kuma galibi kafin ki kai goma wani zai gyara murya.

Mutum biyun nan da suka daɗe, kada ki ɗauke su abokan gaba. Mai yiwuwa sun saba cike shirun ne don kada taro ya mutu. Ki same su a keɓe, ki ce kina so ki jawo sauran, ki roƙe su su taimaka miki ta hanyar jinkirta nasu. In ɗaya ya zarce a taro, ki tare shi da mutunci: "Mun riƙe wannan, Malam. Bari mu ji waɗanda ba su ce komai ba, sai mu dawo kanka." Kuma ki dawo ɗin.

Duk waɗannan dabaru za su tashi a banza idan kika kasa abu ɗaya, wato yadda za ki karɓi magana mara daɗi ta farko. Ranar da wani ya yi ƙarfin hali ya ce tsarinki yana da matsala, ko ya ce ya yi kuskure, duk ɗakin fuskarki yake kallo. In kika haɗe rai ko kika shiga kare kanki, an rufe wannan babin na watanni. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, da take nazarin ma'aikatan asibiti a shekarun 1990, ta tarar da abin da ya ba ta mamaki: rukunan da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi yawan rahoton kurakurai. Da aka bi diddigi, sai aka ga alamar cewa sun fi sakin jiki ne su faɗi kuskuren. Kamfanin Google ma, a binciken da ya fara a 2012 kan rukunan ma'aikatansa 180, ya sami wannan sakin jikin a sahun gaba cikin abubuwan da suke bambanta rukuni mai nasara da saura. Abin da zan ce ki yi mai sauƙi ne: ki yi godiya, ki yi tambaya ɗaya don ki ƙara fahimta, ki rubuta maganar a gabansu. In ta sa kin canza shawara, ki faɗa a fili cewa maganar wance ce ta sa.

Tsawon zama

Wannan ba zai ba ki wuya ba idan kin cire sanarwa da rahoto. Ki yanka taron zuwa minti 45, ki raba wa kowace tambaya lokacinta, mafi nauyi a farko. Masanin tarihi ɗan Ingila C. Northcote Parkinson ya ba da wani misali a 1957 na kwamitin da ya amince da gina tashar nukiliya cikin minti biyu da rabi, sannan ya shafe minti 45 yana gardama a kan rumfar ajiye kekuna, domin rumfa kowa ya san ta, kowa yana da abin faɗa. Za ki ga irin wannan a taronki. In an kauce, ki rubuta batun a gefen allo, ki ce wane da wance su ƙarasa shi bayan an tashi. Ki fara a kan lokaci ko da mutum huɗu ne a zaune, kuma kada ki maimaita wa wanda ya makara abin da ya wuce, don yin hakan hukunta waɗanda suka zo da wuri ne. Idan akwai buƙatar jin inda aiki ya kwana a tsakiyar mako, ku yi shi a tsaye cikin minti 10 ko 15. Wani bincike a Jami'ar Missouri a 1999 ya gano tarurrukan zaune sun fi na tsaye tsawo da kashi 34 cikin 100, ba tare da shawarar da aka yanke ta fi kyau ba.

"Za a duba"

Yanzu ga dalilin da ya sa kuke maimaita magana ɗaya duk mako. Ki saurari yadda ake rufe batu a taronku. Ina da yaƙinin za ki ji "za a duba", "ya kamata a tuntuɓe su", "a yi ƙoƙari a gama". Wannan "a" ɗin tana da daɗin faɗa domin ba ta ɗora wa kowa kaya, kuma aikin da aka bar mata ba ya yiwuwa. Taron tsintsiya ke nan, ba shara. Ki ware minti biyar na ƙarshe, kada ki bari komai ya ci su. A kan kowane batu a faɗi abu uku da babbar murya: me aka tsayar, wa zai yi, zuwa yaushe. Suna ɗaya, ba biyu ba, ba "sashen kaza" ba. An san kamfanin Apple da wannan ɗabi'a ta rubuta sunan mutum ɗaya a gaban kowane aiki. Ki bar mai aikin ya maimaita da bakinsa abin da ya ɗauka, don a nan ne ake kama saɓanin fahimta tun bai yi nisa ba. A tura jerin ga kowa a ranar, bai wuce rabin shafi ba.

Litinin mai zuwa kuma da wannan jerin za a buɗe taro: an yi, ko ba a yi ba, in ba a yi ba me ya tare. Ba da faɗa ba. Ki tabbata naki alkawuran suna cikin jerin, kuma in kin gaza ki faɗa kamar kowa. Ranar da ma'aikaci ya ga abin da ya faɗa a makon jiya ya zama aiki da suna da rana, ranar ce zai fara shigowa taro da shiri.

Inda shawarata ta tsaya

Yawancin gwaje-gwajen da na ambata a kan ɗalibai aka yi su ko a manyan kamfanoni, mutanenki kuwa suna da tarihinsu da juna wanda ya girmi zuwanki. Idan shirun ya samo asali ne daga wani ƙulli, misali an taɓa wulaƙanta wani a bainar jama'a, ko wani yana ganin kujerar da kike kai tasa ce, tsarin taro ba zai warware shi ba. Wannan sai ganawa ta mutum biyu. Ina ba ki shawara ma ki fara da ita: cikin mako biyu ki zauna da kowannensu na minti 15, ki tambaye shi me yake amfana da shi a taron, me zai so a daina. Haka nan idan na sama da ke suna yawan rushe abin da sashenki ya tsayar, ki gaya wa mutanenki iyakar ikonki, kada ki yi musu alkawarin abin da ba ya hannunki. Akwai kuma wanda Allah ya yi shi mai ƙarancin magana, ba fushi yake ba, ba tsoro ba. In yana turo ra'ayi mai ma'ana a rubuce, ya ba da nasa, kada ki matsa masa.

Ki sa ran zama biyu ko uku na farko za su yi miki banbarakwai. Za su ɗauka wani sabon salo ne da zai wuce, wasu ma za su miƙo takarda ba komai a kai. Kada ki sauya duka a lokaci ɗaya. A wannan Litinin ki fara da biyu kawai, tambaya ɗaya da za su amsa a rubuce kafin ki faɗi naki, da jerin suna da rana a ƙarshe. In an yi wata guda ki sake rubuto mini yadda ta kaya, musamman abin da mutum biyun nan suka yi, sai mu duba mataki na gaba.